Littafin Mai Gadi: Daga Senti 75 Zuwa Wasiƙu 60,000



Da wuya wata ya wuce ba mu ga irin sanarwar nan a zauren nan ba: wata ta buɗe sabon shafi tana roƙon jama'a kada a tura kuɗi, an ƙwace tsohon. Idan ka tambaye ta yaushe aka shiga, da wace waya, daga wane gari, sai ta ce ba ta sani ba. Alhali Facebook yana ajiye jerin wayoyi da garuruwan da aka shiga shafin mutum daga cikinsu, yana nan cikin saitin tsaro, ba mai leƙawa sai bayan an yi ɓarna. Wannan ɗan jerin yana da dogon tarihi, kuma shi nake so mu bi yau.

Duk wanda ya taɓa zuwa babbar ma'aikata ya san mai gadi da littafin baƙi. Ka rubuta sunanka da wanda ka zo gani da lokacin shiga, in za ka fita ka sa hannu. Kamfanoni da hukumomi suna da irin wannan mai gadin a cikin kwamfutocinsu, wata na'ura ko manhaja da za mu iya kira ƙofar tantancewa. Ita ce take tambayar ma'aikaci suna da kalmar sirri, wani lokaci har da lambar da aka tura wa wayarsa. Duk ƙwanƙwasawar da aka yi mata sai ta rubuta layi ɗaya: lokaci, sunan da aka bayar, adireshin intanet ɗin da aka fito, an buɗe ko an hana, da dalili. A yau daga cikin ayyukan da injiniyoyin tsaro suka ɗauka dole akwai tura waɗannan layuka nan take zuwa wata na'ura daban, a ɗakin sa ido. Aiki ne mai gundura, ba wanda yake samun yabo a kansa. Amma me ya sa ba a barin littafin a ɗakin mai gadi? An sha wuya kafin a san amsar.

Asalin littafin ba don tsaro aka buɗe shi ba, don kuɗi ne. A farkon shekarun 1960, a jami'ar MIT ta Amurka, Fernando Corbató da abokan aikinsa suka gina tsarin CTSS, wanda ya ba mutane da yawa damar amfani da kwamfuta guda a lokaci ɗaya, kowa da kalmar sirrinsa. Kwamfuta a lokacin kayan miliyoyi ce, don haka ana auna wa kowa lokaci kamar yadda ake auna hatsi. Wani ɗalibi mai suna Allan Scherr, da awa 4 da aka ba shi a mako suka yi masa kaɗan, sai ya yi dabarar da aka buga masa fayil ɗin kalmomin sirrin kowa da kowa a takarda, ya ci gaba da aiki da sunan wasu. Shi da bakinsa ya tona wannan bayan shekaru masu yawa. A watan Afrilun 1980 James Anderson ya rubuta wani rahoto inda ya nuna cewa bayanan da ake tarawa don lissafin kuɗi za su iya kama ɓarawo, har wanda ya shigo da rigar wani, muddin an san ɗabi'ar mai rigar. Dorothy Denning ta ɗora a kai, ta fitar da cikakken tsarin gano kutse da aka buga a 1987. Duk wannan tunanin masana ne a takarda. Wanda ya nuna wa duniya abin a aikace ba ma masanin tsaro ba ne.

Clifford Stoll masanin ilimin sararin samaniya ne a cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya. A watan Agustan 1986 kuɗin tallafin bincikensa ya ƙare, maimakon a sallame shi sai aka mayar da shi sashen kwamfuta. Bai daɗe da zama ba aka miƙa masa wani ɗan aiki irin wanda ake ba sabon zuwa: lissafin watan jiya, na sama da dala 2,000, bai daidaita ba, akwai giɓin senti 75. Cibiyar tana cajin dala 300 a kan awa guda, wato wani ya yi amfani da kwamfuta na daƙiƙa 9 bai biya ba.

Dalilin da ya sa giɓin ya fito fili shi ne cibiyar tana da littafi biyu. Ɗaya shi ne wanda ya zo da tsarin Unix, ɗayan kuma manhajar lissafi ce da aka haɗa a gida. Wani ya buɗe asusu mai suna Hunter, littafi na farko ya san da shi, na biyu bai san inda zai aika da takardar biya ba. Da littafi ɗaya ne, da babu abin da zai saɓa da wani abu. Aka goge asusun, aka ɗauka magana ta ƙare. Sai ga saƙo daga masu kula da wata kwamfuta mai suna Dockmaster a jihar Maryland, suna ƙorafin cewa wani daga Berkeley ya yi ƙoƙarin fasa musu ƙofa. Da Stoll ya duba lokacin, sai ya ga sunan wani masanin cibiyar ne yake ciki a sa'ar, mutumin da kowa ya san yana Ingila. Ko a nan sai da ya sha fama, domin agogon littattafan biyu ya saɓa da 'yan mintoci, sai ya zama kamar mutumin ya fita kafin ya yi abin da ake zargi.

Abin da ya yi bayan nan shi ne zuciyar labarin. Ya lura cewa idan baƙon ya samu cikakken iko a kan kwamfutar, to duk wata manhajar leƙen asiri da za a dasa a cikinta zai gan ta, duk littafin da ke cikinta kuma zai iya gogewa. Ajiye shaida a can tamkar ba kura ajiyar nama ne. Don haka wata Juma'a da yamma, bayan an tashi, ya bi ofisoshi ya kwaso firintoci da allunan kwamfuta kusan 50 ba tare da ya tambayi masu su ba, ya jona su a kan layukan waya 50 da ke shigowa cibiyar, a tsakanin layin da kwamfutar. Ya shimfiɗa a ƙasa ya kwana tare da su. Da gari ya waye sai ya tarar ɗaya daga cikin firintocin ta zubo da takarda mai tsawon ƙafa 80, ɗauke da duk harafin da baƙon ya danna cikin dare.

Takardar ta nuna yadda aka yi. Baƙon ya shigo ta hanyar sadarwar Tymnet. Ya yi amfani da wani kuskure a ɓangaren aika wasiƙa na manhajar GNU Emacs, ya ajiye nasa ɗan fayil a wurin da tsarin yake ɗauka nasa ne, bayan 'yan mintoci tsarin ya tayar da shi da kansa ya miƙa masa ragamar komai. Wannan ya tuna wa Stoll da tsuntsun nan da Turawa ke kira kuku, mai yin ƙwai a sheƙar wani ya bar masa wahalar ƙyanƙyasa, kuma daga nan littafinsa ya samo suna. Takardar ta nuna har da taka-tsantsan ɗin mutumin. Kullum ya shigo sai ya duba su wa ke ciki, in ya ga alamar masu kula da tsarin sai ya fice, kuma yana share sawunsa daga littafin lissafi. Firinta ce kawai bai iya gani ba, don ba a cikin kwamfutar take ba. Abin da injiniyoyin yau suke yi da manhajojin miliyoyin daloli, ainihinsa dai wannan ne: a fitar da rubutun zuwa inda hannun ɓarawo ba ya kaiwa, tun kafin ya waiwayo.

Abu mafi sauƙi shi ne a toshe ramin a canja kalmomin sirri kowa ya huta, kuma da yawa sun ba da wannan shawara. Stoll ya shawo kan shugabanninsa aka bar ƙofar a buɗe. Ni dai har yau ban gama gamsuwa da wannan mataki ba, domin akwai ranar da baƙon ya kutsa cikin kwamfutar wani injin da ake amfani da shi wajen jinyar masu ciwon daji. Caca ce aka yi da abin da ba nasu ba, Allah ya sa ta yi kyau. Wata 10 yana gadi. Ya haɗa wata na'ura da take buga masa feja duk lokacin da baƙon ya shigo, ko tsakar dare ne ya hau keke ya nufi cibiyar. In ya ga mutumin yana shirin kwasar abu mai hatsari sai ya goga makullansa a kan wayoyin, layin ya cika da hayaniya, baƙon ya ɗauka matsalar sadarwa ce.

Ashe Berkeley zango ce kawai. Daga can mutumin yake tsallakawa zuwa kwamfutocin sojan Amurka: ma'ajiyar makamai ta Anniston a Alabama, wani rumbun bayanai na Pentagon mai suna Optimis, da wasu da dama. A lissafin da Stoll ya fitar daga baya, ya gwada kwamfutoci kusan 450, ya shiga fiye da 30. Ba wani tsafi yake yi ba. Sunaye da kalmomin sirrin da kamfani yake sakawa tun daga masana'anta yake gwadawa, waɗanda ya kamata a canja ranar farko. Yawancin wuraren ba su san an shiga ba sai da wani mai binciken taurari ya bugo musu waya daga Kalifoniya. Suna da littafi, ba mai karantawa. Hukumar FBI kuwa da farko ta ƙi kula shi, tunda asarar da zai iya nunawa ba ta kai dala guda ba kuma ba takardar sirri da aka tabbatar an sace.

Tarin takardun ya fara magana da aka jera su. Stoll ya zana lokutan shigowar mutumin, sai ya ga sun fi yawa da tsakar rana agogon Kalifoniya, wanda ya yi daidai da dare a Turai, lokacin da mai aiki ya dawo gida. Yadda yake rubuta umarni ya nuna bai saba da irin Unix ɗin Berkeley ba, da wani samfurin ya koya. Kalmomin sirrin da yake zaɓa sun haɗa da Benson da Hedges, sunan taba, da Hunter da Jaeger, waɗanda duk ma'anarsu maharbi, na biyun da Jamusanci. Aka bi layin daga kamfanin waya zuwa kamfanin waya, ta wani kamfanin kwangilar tsaro mai suna MITRE a Virginia, har ya tsallaka teku ya faɗa Jamus ta Yamma, ta jami'ar Bremen, zuwa birnin Hannover.

Nan aka cije. Na'urorin haɗa waya na Hannover tsofaffi ne, sai ma'aikaci ya bi waya da hannu, aikin da ke cin awa guda ko fiye, shi kuwa baƙon mintoci kaɗan yake yi ya fita. Sai Stoll da budurwarsa suka ƙirƙiro ofishin ƙarya mai suna SDInet, suka cika shi da takardun bogi masu kama da na shirin garkuwar makamai masu linzami na shugaba Reagan. Kifi ya haɗiyi ƙugiya. A watan Janairun 1987 ya zauna yana kwasa har aka kai ga lambar gidansa. Bayan 'yan watanni sai ga wasiƙa ta gidan waya daga Pittsburgh, wani yana neman ƙarin bayani a kan ofishin da babu shi a duniya. Wannan ya sa hukumomin da suke ta jan ƙafa suka miƙe.

Sunan mutumin Markus Hess. Shi da wasu abokansa suna sayar wa hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, KGB, abin da suka kwaso. Ɗaya daga cikinsu, Karl Koch, an tsinci gawarsa a ƙone a wani daji a 1989, kafin a shiga kotu. A Fabrairun 1990 kotu a garin Celle ta samu Hess da mutum biyu da laifin leƙen asiri, aka yi musu ɗaurin talala. Stoll ya je ya ba da shaida.

Bari in ɗan ratse, tunda zauren marubuta ne. Ban da takardun firinta, Stoll yana da kundinsa na kansa, inda yake rubuta abin da ya gani kowace rana, da wanda ya kira, da abin da aka ce masa, da abin da yake zato, kuma yana raba zato da abin da ya tabbata. Daga wannan kundi ya fitar da maƙalar da mujallar Communications of the ACM ta buga a Mayun 1988, daga shi kuma littafin The Cuckoo's Egg ya fito a 1989. Na karanta labaran 'yan uwa da dama masu ɗauke da ɗan kutse, kusan duka iri ɗaya ne: saurayi cikin duhu yana danne-danne da sauri, minti biyu ya kwashe banki. Ba a jin tsoronsa don ba a yarda da shi ba. Abin da ya riƙe masu karatun Stoll shi ne jiran, da kiran wayar da ba a ɗauka, da jami'in da yake cewa ba huruminsa ba ne, da abincin da ya huce a gida. Mai son rubuta irin wannan labari ya fi samun kaya a wurin mai gadi.

A wannan garin na Berkeley, cikin shekarun 1980, Eric Allman yana rubuta manhajar aika imel mai suna Sendmail. Yana bukatar hanyar da manhajar za ta riƙa faɗin abin da take ciki, sai ya yi mata wani ɗan tsari da ya kira syslog. Kowane saƙo yana ɗauke da alamar sashen da ya fito, ciki har da sashen tantance masu shiga, da matakin tsananinsa daga 0, wato gari ya ƙone, zuwa 7, wato surutun gyara. Babban abin shi ne ana iya cewa a aika saƙon zuwa wata kwamfuta daban. Sauran masu manhaja suka ara, masu ƙera na'urorin sadarwa suka ara, har ya zama harshen kowa ba tare da wani ya zauna ya tsara shi ba. Sai a Agustan 2001 aka rubuta takardar RFC 3164, ita ma ba doka ta kafa ba, bayanin abin da aka tarar mutane suna yi ne.

Duk wanda ya karanta wannan takarda zai ga raunin abin. Ana jefa saƙon ne ta hanyar UDP, ƙofa mai lamba 514, kamar ka jefa wasiƙa ta kan katanga: ba mai ce maka ta iso, in ta faɗa kwata shi ke nan. Ba a rufe shi, kowa a hanya zai iya karantawa ko ya ƙirƙiri na ƙarya. Tsawonsa ba ya wuce harafi 1,024. Lokacin da yake ɗauke da shi kuwa wata ne da rana da awa, babu shekara, babu bayanin agogon wace ƙasa. Ka tuna wahalar da saɓanin 'yan mintoci ya ba Stoll, sannan ka ƙiyasta mai bincike da ke haɗa littafin reshen Legas da na Landan da na Dubai. Sai a Maris 2009 aka fitar da RFC 5424 da ta gyara lokacin, da RFC 5425 da ta sa a rufe saƙon a hanya. Har yanzu akwai na'urori da yawa da suke magana da tsohon yaren.

Da aka iya tara littattafai wuri guda sai matsala ta koma ta yawa. Babban kamfani yana fitar da miliyoyin layuka a rana, ba idon da zai bi su. Kamfanoni irin su ArcSight, da aka kafa a 2000, da Splunk, a 2003, suka fito da manhajojin da suke tattara layukan, su mayar da su fasali ɗaya, su nemi abin da bai dace ba. Misali an gwada kalmar sirri sau 200 an kasa, na gaba ya buɗe. Ko kalma ɗaya ake gwadawa a kan sunaye 500. Ko mutum ya shiga daga Kano, bayan minti 10 ya shiga daga Mosko. A 2005 manazarta biyu na kamfanin Gartner, Mark Nicolett da Amrit Williams, suka raɗa wa wannan kasuwa suna SIEM. Dokokin katin banki suka tilasta ajiye littafi na shekara guda, kasuwar ta buɗe, har Cisco ya sayi Splunk a kan kusan dala biliyan 28 a 2024. Da yake galibi gwargwadon yawan bayanan da ka tura ake cajinka, manajoji suka koyi rage abin da ake turawa don a rage kuɗi.

Tura littafi kuma bai sa an karanta ba. A ƙarshen 2013 aka shiga kantunan Target na Amurka da kalmar sirrin wani ɗan kwangilar na'urorin sanyaya wuri, aka kwashe bayanan kati miliyan 40. Na'urar sa ido ta yi ƙara, ma'aikatan Bangalore sun gani sun sanar da hedikwata a Minneapolis, ba a yi komai ba. A Fabrairun 2016 kuma ɓarayin da suka shiga babban bankin Bangaladash sun nuna sun fahimci darasin Stoll sarai. Bankin yana da firinta da take buga shaidar duk kuɗin da aka aika ta tsarin SWIFT, sai suka fara da kashe ta. Ma'aikata suka ɗauka lalacewa ce irin ta kullum, ga shi Juma'a ce, ranar hutu. Kafin a gyara a ga saƙonnin tambaya daga New York, dala miliyan 81 sun isa Filifin.

Sai Nuwamban 2020. A kamfanin tsaro na FireEye wani layi ya fito a allon ɗakin sa ido: wani ma'aikaci ya yi rajistar waya ta biyu don karɓar lambar shiga. Irin wannan yana faruwa kullum, mutane suna canja waya. Amma wanda ke bakin aiki ya ɗauki waya ya kira ma'aikacin ya tambaye shi, shi kuma ya ce bai yi rajistar komai ba. Shugaban kamfanin na lokacin, Kevin Mandia, ya sha ba da wannan labari a bainar jama'a. Daga wannan kiran aka ja zare, ranar 8 ga Disamba kamfanin ya sanar an shiga gidansa, ranar 13 kuma aka bayyana ta inda aka biyo: an cusa guba a cikin sabuntawar manhajar Orion ta kamfanin SolarWinds, wadda kusan kwastomomi 18,000 suka sauke tun daga watan Maris. Gwamnatin Amurka ta ce an shiga hukumominta 9 da kamfanoni kusan 100, ta ɗora laifin a kan hukumar leƙen asirin Rasha, SVR. Rasha ta musanta. Wata da watanni suna ciki, duk hukumomin leƙen asirin ƙasar ba wanda ya gani, sai layi ɗaya daga littafin ƙofa da mutum ɗaya da bai yi ƙyuya ba.

Akwai wata dabara da maharan suka yi amfani da ita da ta cancanci a tsaya a kanta. A tsarin zamani, in ka wuce ƙofar tantancewa sai ta ba ka takardar shaida mai hatimi, ka nuna wa akwatin imel da sauran ɗakuna su buɗe maka ba tare da sun sake tambaya ba. To su sai suka sace hatimin kansa, suka riƙa buga wa kansu takarda da sunan duk wanda suka ga dama. Ba su bi ta ƙofa ba sam, don haka littafin mai gadi fes yake. Hanyar kama su ita ce a ɗora littafin ɗaki kusa da na ƙofa, a nemi wanda ɗaki ya ce ya shigo da takardar mai gadi alhali mai gadi bai taɓa rubuta ya ba shi ba. Littafi biyu ne suka saɓa, kamar a 1986, kuma ba za a ga saɓanin ba sai an tura su duka wuri ɗaya. Da masu bincike suka shiga hukumomin gwamnati sai suka tarar wasu ba su ajiye abin da za a kwatanta ba. Wannan ya sa a Agustan 2021 fadar White House ta fitar da umarni mai lamba M-21-31: a ajiye littafi wata 12 a inda za a iya bincika shi nan take, da ƙarin wata 18 a ma'ajiya.

Ba a rufa shekara biyu ba aka sake gwada su. Ranar 15 ga Yunin 2023 ma'aikatan tsaro na ma'aikatar harkokin wajen Amurka suka ga wata ƙararrawa da su da kansu suka ƙera, suka sa mata suna Big Yellow Taxi. Tana duba wani littafi ne da ke rubuta duk lokacin da aka buɗe wasiƙa da kuma manhajar da ta buɗe ta. Suka sanar da Microsoft. Bincike ya nuna wata ƙungiya da kamfanin ya kira Storm-0558, wadda ya ce daga China take, ta samu wani hatimin Microsoft na 2016 tana buga takardun shiga da shi tun tsakiyar Mayu. An taɓa ƙungiyoyi 22 da mutum fiye da 500, ciki har da sakatariyar kasuwanci ta lokacin Gina Raimondo da jakadan Amurka a China na lokacin Nicholas Burns. Daga ma'aikatar harkokin waje kaɗai an kwashi imel kusan 60,000. China ta musanta.

Abin da ya tayar da ƙura shi ne littafin da ya tona asirin na masu biyan babban lasisi ne kawai. Akwai waɗanda Microsoft ya gaya musu an shiga akwatinsu, suka duba nasu littafin ba su ga komai ba, don shafin da abin yake ba a sayar musu ba. Sanata Ron Wyden ya kamanta wannan da mai sayar da mota da yake cajin kuɗin bel daban. A ganina bai yi ƙari ba. Cikin watan Yuli kamfanin ya sanar zai buɗe wa kowa waɗannan bayanai ba ƙarin kuɗi, ya kuma ƙara wa'adin ajiya daga kwana 90 zuwa 180.

Saura tambayar yadda aka yi hatimin ya fita daga gidan Microsoft. A Satumban 2023 kamfanin ya ba da wani bayani na abin da yake ganin ya faru, amma a ciki ya amsa cewa ba shi da littafin da ke nuna fitar hatimin, saboda wa'adin ajiyarsa ya wuce an share. A Maris 2024 ya dawo ya gyara bayanin. Kwamitin binciken gwamnati, a rahoton da ya fitar a Afrilun 2024, ya ce kamfanin ya bi zato 46 kuma har zuwa lokacin bai gano ta yaya ko yaushe aka sace hatimin ba. Bayan 'yan watanni Microsoft ya sake aika wa kwastomomi sanarwa: wani kuskure a manhajar da ke kwasar layuka tana turawa ya sa fiye da mako biyu na watan Satumban 2024 sun zo da giɓi, har a littafin ƙofarsa ta Entra da dandalin sa idonsa na Sentinel.